Tsohuwar Jakar Fata: A Yar, Ko a Kai wa Baduku?

A gidaje da yawa, idan aka buɗe akwatin uwargida aka ɗaga zannuwa har ƙasa, za a tarar da wata tsohuwar jakar fata tana kwance. Wata ta gado ce daga uwa ko kaka. Wata maigida ne ya sayo ta a Kano ko Jos a shekarar aurensu. Wata kuwa kyauta ce da zumuntar mata ta bayar ranar sallama. Yanzu hannunta ya tsinke, zif ya ƙi rufuwa, shafin ciki ya yayyage, kusurwoyi sun koɗe. Ba ta fituwa cikin mutane, zuciya kuma ba ta yarda a jefa ta bola ba. Haka za ta yi ta kwanciya shekara da shekaru, har fumfuna da kyankyaso su ƙarasa ta.

Uwargida, yawancin irin waɗannan jakunkuna suna gyaruwa. Abin da ya mutu a jikinsu shi ne zare, da shafi, da zif, da hannu, dukansu kuwa ana sāke su. Fatar kanta sau da yawa tana nan da ranta. Amma sai an yi hankali, gama jakunkuna masu yawa sun tsira daga tsufa, suka mutu a hannun masu gaggawar gyara, wato ko a hannun mai ita a gida, ko a hannun wanda bai san fata ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Darajar abin da ke hannunki

Ƙasarmu ta daɗe da yin suna a kan fata. Jar akuyar Sakkwato, da 'yar'uwarta ta Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, suna ba da fata mai laushi, mai ƙarfi, mai kyaun fuska. Tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Moroko. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya kuwa rubuta cewa ana kai takalman Kano da jajayen fatunta nesa ƙwarai, har Tarabulus. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, fatu suka koma bin hanyar Ikko zuwa Ingila, inda masu ɗinkin bangon littattafai suka riƙa neman fatar akuyarmu domin ƙarkonta.

Asirin wannan ƙarko yana wajen majema. Su ne suke jiƙa ɗanyar fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, su kankare ta, su wanke, sa'an nan su tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa. Akwai wani sinadari cikin 'ya'yan bagaruwa wanda yake shiga tsakanin ƙananan zaruruwan fata ya kama su, ya hana su ruɓa. Bayan haka a shafa ɗan mai, a murza ta har ta yi laushi. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, baƙi kuwa daga ruwan ƙarfe, rawaya daga gangamau. Daga hannun majemi sai ta koma hannun baduku, shi ne mai yanka da ɗinki da ado.

Akwai kuma jima ta masana'anta, wadda ake yi da gishirin wani ƙarfe mai suna kurom. An fara aiki da ita sosai a Amurka wajen 1884, yau kuwa da ita ake jeme mafi yawan fatun duniya. Jakunkunan kanti na zamanin iyayenmu galibi irin wannan fata ce. Idan aka dubi bakinta inda aka yanka, sau da yawa akan ga tsakiyarta da launin toka mai ɗan shuɗi. Ta fi jimre ruwa da zafi. Fatar bagaruwa kuwa tana shan ruwa da sauri, tana ƙara duhu da shekaru, kuma idan jiƙaƙƙen ƙarfe ya taɓa ta sai ya bar baƙin tabo wanda ba ya fita. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin abin da ya karɓi wannan yana iya ɓata waccan.

Da fari, fata ce ko roba?

Kafin a ɓata kuɗin mota, sai a tabbata abin da ake riƙe da shi. Kasuwanninmu sun cika da jakunkunan da ake kira na fata, alhali yadi ne aka shafe fuskarsa da roba. Ki nemi wurin da ɗinki ya buɗe, ko bakin igiyar ratayawa, ki dubi bayan abin. Fatar gaske bayanta gashi-gashi ne, kamar zaruruwa a cuɗe. Ta roba kuwa za ki ga saƙar yadi ko farin soso. Ki dubi fuskarta cikin haske: ƙofofin gashin fatar gaske ba su jeru daidai ba, na roba kuwa duk iri ɗaya ne gama injin ya buga su. Fata tana da ƙanshinta, roba tana da warinta. Babbar alama ita ce yadda suke tsufa. Fata takan koɗe, ta yi duhu, ta tsattsage. Roba kuwa ɓarewa take yi, tana zubowa ɓawo-ɓawo tana manne wa hannu da tufafi.

Jakar roba da ta soma ɓarewa ba ta da magani. Ko an shafa mata fenti, za ta ci gaba da zuba daga ƙarƙashi. Kada a kashe mata kuɗi. Kada kuma a bi shawarar masu cewa a gwada da ashana, gama wuta tana barin tabo a fatar gaske ma.

Ciwon da ke warkewa da wanda ba ya warkewa

Idan ta tabbata fata ce, sai a shimfiɗa ta a kan tebur da rana, a duba ta ciki da waje.

Ɗinkin da ya warware shi ne mafi sauƙin duka. Zare yana riga fata mutuwa, haka ma ya kamata ya zama. Muddin ramukan ɗinkin suna nan ba su yage sun haɗu da juna ba, baduku zai bi su ya mayar.

Hannu da igiyar ratayawa su ne masu ɗaukar nauyi, su ne kuma masu shan zufa da man shafawa. Sukan tsinke a gindinsu, inda suka kama zobe. Ana yin sababbi.

Shafin ciki da zif ana sāke su. Sau da yawa ma haƙoran zif lafiyarsu ƙalau, kan da ake ja ne ya buɗe don tsufa, sai a sa wani.

Kusurwoyin da suka koɗe ko suka huje ana rufe su da sabuwar fata. Yagewa a jikin jaka ana tare ta da maho daga ciki. Koɗewar launi ana iya taimakonta. Fumfuna tana fita idan ba ta daɗe ba, ko da yake takan bar ɗigo-ɗigo.

Amma akwai abu uku da ba su da magani. Na fari, fatar da ta jiƙe aka shanya ta a bakin wuta ko a rana mai zafi har ta ƙanƙance ta yi tauri kamar ƙaho. Zaruruwanta sun dahu, ba mai da zai komo da su. Na biyu, fatar da ta tsattsage har tsagar ta ratsa ta ko'ina. Mai yana sa ta yi laushi, amma ba ya haɗe tsaga. Na uku, wata irin ruɓa mai kama tsohuwar fatar da aka jeme da itatuwa, musamman wadda ta daɗe cikin hayaƙi da zafi. Idan aka murza ta da yatsa sai jan gari ya fito kamar na bulo, ta kuma yage kamar takarda. Wannan ba ta riƙe allura kuma. Gwani na gaskiya zai faɗa miki haka tun da fari, ba zai karɓi kuɗinki ba.

Garin neman gira kada a rasa ido

Ɓarna mafi yawa a gida ake yinta, da kyakkyawar niyya. Ga abubuwan da za a guje wa.

Kada a liƙa yagewa da gam ɗin nan mai bushewa nan take, wanda ake kira sufa-gulu. Yana shiga cikin fata ya sandare kamar gilashi. Fata kuwa abin lanƙwasuwa ce, sai ta karye a gefen gam ɗin. Baduku ba zai iya huda wurin ba sai ya yanke shi, ƙaramar yagewa ta zama babban rami.

Kada a wanke jaka da garin sabulun wanki, ko bilic, ko kananzir, ko fetur. Suna kwashe man da ke cikin fata tare da launinta. Kada a tsoma ta cikin ruwa.

Kada a malala mata man gyaɗa, ko man shanu, ko man ja. Gaskiya ne majema suna sa mai lokacin jima, amma sun san gwargwado da lokacin sawa. Man da aka zuba a gida yakan yi dabbare-dabbare, ya yi wari bayan 'yan watanni, ya jawo ƙura da ɓeraye. Gam kuma ba ya kama fatar da ta ƙoshi da mai, ga shi an ƙara wa mai gyara wahala.

Kada a shafa man takalmi. An yi shi domin takalmin da ke ƙasa. Jaka kuwa tana gogar zane da riga, ranar da aka yi zufa sai farar riga ta ɗauki launin.

Kada a goge tawadar biro da turare ko ruwan cire jan farce. Tawadar za ta bazu, launin wurin ya tashi.

Abin da ya halatta a yi a gida kaɗan ne. Idan ruwan sama ya doke ta, a tsane ta da tsumma mai tsabta, a cusa mata farar takarda domin ta riƙe siffarta, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, ko da za ta kwana biyu. Idan miya ko mai ya zuba, a barbaɗa sitaci a wurin, a bar shi ya kwana, a kakkaɓe da safe. Idan fumfuna ce, a fita da jakar waje a share da busasshen tsumma, kada a yi a ɗakin kwana domin ƙurar tana cutar da masu tari da asma. In ɗinki ya fara warwarewa, a daina ɗaukar jakar tun ranar. Sauran aiki na gwani ne.

Wa za a kai wa?

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shumekan da ke bakin titi yana da amfaninsa, amma aikinsa na sauri ne, da kaurin zaren roba da babbar basilla, irin wanda ya dace da ƙasan takalmi. Tela yana da keke, amma allurar keken yadi ba ta san fata ba, kuma duk inda allura ta huda fata ramin ya zauna ke nan har abada. Wanda ake nema shi ne mai ɗinka jaka tun daga yanka har gamawa, domin wanda ya san yadda aka haɗa abu shi ya san yadda za a kwance shi.

Irin waɗannan mutane suna nan. A Kano akwai dukawa a Kasuwar Kurmi da unguwannin da ke kewaye da ita cikin birni. Akwai su a Sakkwato, da Zariya, da Katsina. Mutanen Filato sun san Naraguta kusa da Jos, wadda ta yi suna a aikin fata. A Nijar akwai gwanaye a Damagaram da Agadas. A Samaru ta Zariya kuma akwai cibiyar gwamnati mai koyar da kimiyyar fata da aikinta. Jakar kanti mai ɗinkin inji da bakin ƙarfe takan bukaci wanda ke da keken ɗinkin fata, irin masu yin jakunkuna da takalma a manyan garuruwa. Jakar gargajiya mai ado da saƙar fata kuwa sai baduku.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki roƙe shi ya nuna miki wani gyara da ya gama, gama ɗinka sabuwa dabam, gyaran tsohuwa dabam. Ki lura da yadda ya karɓi jakarki. Gwani zai juya ta, ya leƙa ciki, ya lanƙwasa fatar a hankali, ya tambaye ki shekarunta da abin da kika taɓa shafa mata. Ki faɗa masa gaskiya, ko da sufa-gulu ne. Wanda ya yanka kuɗi tun bai buɗe jakar ba, ko ya ce zai mayar da ita sabuwa fil, ki yi masa godiya ki wuce. In kina shakka, ki fara ba shi ƙaramin aiki, kamar ɗamara ko wata jaka da ba ta dame ki ba.

Tun ran gini ran zane

Rigimar da ke tashi tsakanin mai kaya da mai gyara yawancinta daga rashin magana ne tun da fari. Kafin ki bar gida, ki zazzage jakar sarai. Ki lallaba tsakanin shafi da fata, gama 'yan kunne, da zobba, da tsofaffin hotuna sukan zurare ta yagaggen aljihu su ɓuya a can. Ki ɗauki hotonta da waya ta kowane gefe. Ki tafi da duk abin da ya cire, ko tsinkakken hannu ne, ko maɓalli, domin da su za a auna sababbi.

A gaban mai gyara, bayan gaisuwa, ki yi tambayoyinki ba da kunya ba. "Baba, da hannu za ka ɗinka ko da keke?" "Tsofaffin ramuka za ka bi?" "Wace fata za ka sa a hannun? Nuna mini ita." "Mene ne ba zai gyaru ba?" Dattijon da ya san aikinsa ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi, daɗi ma yake ji an san darajar sana'arsa.

Ki faɗi abin da ba ki so a taɓa. Wata mace tana son launin jakar uwarta ya zauna yadda yake, da duhun da hannun tsohuwar ya bari. In ba ta faɗa ba, mai gyara yana iya rine ta baƙa ƙirin domin ya faranta mata rai, ita kuwa ta zo ta tarar da jakar da ba ta sani ba. Ku yarda cewa in ya buɗe ya ga wata ɓarna a ɓoye, zai kira ki kafin ya ci gaba. Ku yi jinga a kan dukan aikin, a rubuta a takarda: abin da za a yi, da kuɗin, da ranar karɓa. Ki ba da wani kashi domin sayen kaya, sauran sai aiki ya gamu. Ki ce a ajiye miki tsofaffin ƙarafa da duk abin da aka cire.

Wajen ciniki kuma sai a yi adalci. Gyara ya fi ɗinka sabuwa cin lokaci, gama sai an warware kafin a haɗa, da tsohuwar fata mai neman lallashi. In aka matse mai gyara ƙwarai, a cikin zare da gam da shafi zai fanshe, a wuraren da ido ba ya gani. Araha ba ta ado. Wataƙila kuɗin gyaran ya fi na sabuwar jakar roba, amma a lissafa jakar roba nawa za a saya a yar cikin shekara goma. Kada kuma a kai aiki ana saura mako ɗaya Kirsimeti ko biki a ce lalle sai a gama. Gam yana son ya bushe, rini yana son ya zauna. A kai tun watan Oktoba ko Nuwamba, a ba shi sarari.

Yadda gwani yake aikinsa

Yana da kyau ki san abin da ke faruwa bayan kin tafi, domin ki iya gane aikin kirki.

Da fari yakan warware ɗinkin da ya tare masa hanya, zare bayan zare, ba tare da ya yanki fata ba. Ya share datti da tsumma mai ɗan danshi, ya bari ta bushe. In fatar ta bushe ƙwarai, yakan gama liƙi tukuna, kāna ya shafa mai kaɗan kaɗan, bayan ya gwada a wani lungu da ba a gani.

Inda ta yage, yakan yanko siririyar fatar akuya wadda ta fi yagewar faɗi, ya kankare gefunanta har su yi fele-fele kamar takarda, ya liƙa ta daga ciki da gam mai lanƙwasuwa, ya haɗa leɓunan yagewar su sumbaci juna. Kankarewar nan ita ke hana maho ya yi tudu a waje. Mahon kuma kada ya fi fatar jakar kauri da tauri, in ba haka ba sabuwar fata za ta ja tsohuwa ta yage a gefenta.

Wajen ɗinki yakan bi tsofaffin ramuka. Dalili kuwa, idan aka huda sababbi a tsakaninsu, layin ɗinkin ya zama kamar takardar rasit mai ramukan yagewa, da an ja sai ya tsage. Ɗinki mafi ƙarko shi ne na allura biyu a zare ɗaya, kowace tana ratsa rami ɗaya daga nata gefen. Ko zare ya tsinke a wuri guda, ɗayan yana riƙe. Ɗinkin keke kuwa in ya tsinke yakan zare. Akan shafa wa zaren kakin zuma domin kada ya ruɓe. Siririn zaren roba mai kama da na kamun kifi bai dace da tsohuwar fata ba, yankanta yake yi kamar waya.

In hannu ɗaya ya tsinke, gwani zai ba da shawara a sāke duka biyun, gama tsararraki ne, ɗayan ma yana kan hanya, kuma sabo da tsoho ba za su yi kama ba. Yakan sa igiya a cikin hannu mai zagaye domin ya riƙe siffa, ya ƙarfafa gindinsa da wata fata daga ciki. Tsohon shafi shi ne ma'aunin sabo, don haka kada ki fizge shi a gida. Yadin auduga mai kauri, mai haske, wanda ba ya zuba, ya fi yadi mai santsi ƙarko.

Zobba da maɓallai na farin ƙarfe ko tagulla na zamanin dā sau da yawa sun fi na yanzu nauyi da kyau. In suna aiki, a goge a mayar. Koren dattin da ke taruwa a gindin tagulla a kankare shi, domin yana ɓata fata. Ƙarfen da ya yi tsatsa kuwa a sāke shi.

Launi shi ne aiki na ƙarshe, shi ne kuma mai wuya. Rini yana tafiya daga haske zuwa duhu ne kawai: jar jaka tana iya zama baƙa, baƙa ba ta komawa ja. Rini yana shiga cikin fata, fenti kuwa a kanta yake zama, in ya yi kauri sai ya farfashe. Sabon hannu ba zai zama daidai da jikin da ya shekara arba'in ba, kusa da shi kawai ake nema, watanni za su ƙarasa daidaita su.

Akwai tsofaffin jakunkuna masu fatar kada, ko mesa, ko guza. A lallaɓa su yadda suke, in wani wuri ya lalace a cike shi da fatar akuya. Kada a sa baduku neman sabuwar fatar naman daji. Tun 1975 yarjejeniyar duniya ta soma aiki a kan cinikin irin waɗannan dabbobi, Nijeriya ma ta kafa tata dokar a 1985.

Ranar karɓa da bayanta

Kada ki karɓa da dare ko a tsaye cikin sauri. Ki fito da ita haske. Ki ja zif sau da yawa. Ki sa mata kaya kamar yadda kika saba, ki ɗaga, ki dubi gindin hannuwa. Ki goga farin tsumma mai ɗan danshi a inda aka rina, in ya ɗauki launi sosai aikin bai gamu ba. Ki leƙa ciki ko gam ya zubo. In akwai gyara, ki faɗa a nan da ladabi. In aiki ya yi kyau, ki cika kuɗi, ki yaba, ki kuma gaya wa maƙwabta da 'yan zumunta inda yake. Dukawa da yawa sun tsufa, 'ya'yansu kuma ba sa zama a sana'ar da ba ta kawo abinci. Kowace jaka da aka kai gyara tana taimakon rumfar ta zauna a buɗe.

A gida kuwa, abokan gāban fata biyu ne, kowane da lokacinsa. Da damina danshi ne. Fumfuna tana tashi idan laimar iska ta wuce kashi 70 cikin 100, musamman a rufaffen akwati. A riƙa fito da jakar tana shan iska a inuwa, ko sau ɗaya a wata. Kada a ɗaure ta cikin leda, a sa ta cikin tsohuwar rigar matashin kai. Da hunturu kuwa bushewa ce. Kafin sanyi ya kama, a shafa mata man fata marar launi, ɗan kaɗan a tsumma, irin wanda mai gyaran ya nuna. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Kada a rataye ta a ƙusa da kaya a ciki, hannun zai miƙe, ƙusar kuma ta yi mata tabo. A cusa mata tsumma mai tsabta, a tsayar da ita a kan kanta. A raba ta da bangon da ke tsatsafo da hayaƙin madafa. Biro, da turare, da man shafawa a sa su cikin wata 'yar jaka dabam kafin su shiga. Jakar hannu kuma ba buhu ba ce. Littafi Mai Tsarki, da littafin waƙoƙi, da gorar ruwa, da kayan yara, duka a kan hannun da ya shekara talatin sun yi masa yawa.

To, in baduku ya duba ya ce ba ta gyaruwa fa? Ko a nan ma ba a yi hasara duka ba. Da wuya a rasa wani yanki mai lafiya a murfi ko a baya. Yana iya fitar da alabe, ko bangon ƙaramin littafi, ko ya ɗauki adon da ƙarafan ya ɗora a kan sabuwar jaka. Ta haka abin tunawa ya zauna a gida, har ya kai ga jikoki.

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Uwargida, ki buɗe akwatin nan cikin makon nan, ki ɗaga zannuwa, ki fito da jakar ki duba ta a haske. In fata ce kuma tana lanƙwasuwa ba ta zubar da gari, kada ki shafa mata kome. Ki nannaɗe ta cikin zane mai tsabta, ki tambayi inda baduku yake.